Tsinuwar Man Sido

Kowa a Fond-Tamarin ya san Man Sido ba ta jin Jamusanci, ba ta jin Ingilishi, balle Italiyanci, amma wannan bai hana ta karanta littafi cikin harsunan nan ba. Tana da hanyarta. In sabon ƙunshi ya iso daga gidan waya, sai ta wanke hannu da sabulu da lemun tsami saboda ƙarnin kifi, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta buɗe littafin ta baya. Shafin ƙarshe take bi da yatsa, layi bayan layi, tana neman suna ɗaya: Rigobert. In ta gan shi a can, kusa da sunan Sufeto, sai ta sauke ajiyar zuciya ta rufe.

"Cadie!" za ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta saman shinge. "Har a Jamus an kama shi."

Cadie, wadda tun suna 'yan mata suke tallan kifi tare, sai ta shigo tana share hannu a zani, ta karɓi littafin ta juya shi. Ita bango take karantawa. Na Jamusawa ya zo da hoton wata budurwa kwance ƙarƙashin kwakwa, babu abin kirki a jikinta.

"To wannan kuma wace ce a cikinmu?"

"Ke ce mana, kafin haihuwa ta gama da ke."

"Ji bakin mace! Ni ko a ranar aurena ban yi rama irin wannan ba. Ba sa ba ta abinci ne a littafin?"

Daga nan littafin ya shiga kabad mai gilashi, kusa da 'yan'uwansa, sama da kofunan baƙi. Duk labari ɗaya ne, kuma duk mutum ɗaya ya rubuta shi, Anatole, wanda Man Sido ta goya a bayanta.

Tana budurwa abin ya faru. Wata safiya mutanen gari suka ja tarun mahaifinta, Firmin, sai ga gawa a cikin kifi. Cyrille ne, saurayin da ke jagorantar masu saran rake a yajin aikin da suke yi wa babban gandu. An ji Firmin suna sa-in-sa da shi kwana kaɗan kafin nan a kan wani filafili da ya ara bai mayar ba, kuma tarun nasa ne. Jandarmomi ba su nemi ƙari a kan wannan ba. Suka tafi da shi babban birni, Fort-de-France, ya yi watanni a tsare, suka sako shi don babu shaida. Ba a ce ya yi ba, ba a kuma ce bai yi ba.

Kowa ya san wanda mutuwar Cyrille ta yi wa daɗi. Sarkin gandu ne, mai farar hula da doki. Amma rabin gari a gandun suke ci, kuma wanda ke cikin ruwa ba ya faɗa da kada. Sai zargin ya zauna inda aka fara ajiye shi.

Taru ba aikin mutum ɗaya ba ne. In masunci ya zagaye kifi, sai ya busa ƙahon katantanwar teku, gari ya sauko, maza da mata da yara su kama igiya su ja, kowa ya tafi da rabonsa. Firmin ya dawo daga tsare, ya zagaye kifi, ya busa ƙaho. Sido tana tsaye kan rairayi da mahaifiyarta, su biyu rak, suna kallon ƙofofin gari a rufe. Ya sake busawa. A ƙarshe ya saki bakin tarun kifin ya fice. Tun daga ranar ya koma kamun ƙugiya shi kaɗai a kwalekwalensa, har Allah ya karɓi abinsa, kuma ƙahon ya zauna rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Anatole yana ƙarami a lokacin. Uwarsa aikatau take yi a birni, ta bar shi a gidansu Sido. A tukunyarsu ya ci, Firmin ne ya koya masa iyo da ya ɗaga shi ya jefa daga kwalekwale. Yaro mai ƙwaƙwalwa, ya samu gurbin karatu a Faris, ya zauna can yana koyarwa. Wani hutu ya zo ya zauna a bakin murhunta yana cin ƙosan kifi da zafinsa, ya ce yana so ta ba shi labarin duka, zai rubuta.

Ta daɗe tana juya ƙosai kafin ta amsa.

"Ka wanke shi. In ba za ka wanke shi ba, ka bar shi ya kwanta inda yake."

"Haba Yaya Sido. Ni da ƙashin jikina kifin Baba ne?"

Ya cika alkawari. Littafin ya fito daga wata ƙaramar maɗaba'a a Faris, baƙin bango, takarda mai arha, sunansa Gawa a Cikin Taru. An ƙirƙiro wani Sufeto mai tumbi da son ci, an mayar da Firmin Justin, an kira sarkin gandu Rigobert. Tun daga farko kowa na zargin Justin, sai a shafin ƙarshe Sufeto ya taka matakalar babban gidan gandu ya sa wa Rigobert ankwa. Man Sido ta karanta shi a tsaye, ta karanta shi a zaune, ta kai shi maƙabarta ta karanta wa mahaifinta babin ƙarshe.

Da farko littafin bai yi kasuwa ba. Daga baya ya ci wata kyauta, sai masu fassara suka yi ca. Turawan Ingila suka canza masa suna, suka kuma zubar da duk babin yajin aiki, wai yana jan labari. Na Italiya suka mayar da doyar da Sufeto ke ci dankalin Turawa. Duk lokacin da Anatole ya bugo waya yana ƙorafi, amsarta ɗaya ce.

"Su mayar da teku rijiya in sun ga dama. Rigobert yana shafin ƙarshe?"

"Yana nan, Yaya."

"To ka sha ruwa ka kwanta."

A Fond-Tamarin kuwa waɗanda suka karanta ba su da yawa: malamar makaranta, mai kantin magani, da Fada, limamin coci. Sauran sun ji ne a bakinsu. Amma ko haka ta ga canji. Wasu tsofaffi sun fara tsayawa su gaishe ta da kyau. Wani ya ce mata a ƙofar coci, "Mahaifinki ya iya teku," kamar yau ya tuna. Kaɗan-kaɗan abin yake tafiya, irin cikar tulu da ɗigon ruwa.

Sai ga 'yan fim.

Suka cika bakin teku da manyan motoci da wayoyi da laima. Daraktan wani saurayi ne ɗan Faris, rana ta gasa masa kunnuwa tun ranar farko, gari ya sa masa Jan-Kunne. Anatole ya zo tare da su, ya yi furfura, ya yi tumbi irin na Sufetonsa, yana ta gaisawa da mutane hannu biyu-biyu.

Suna neman tsohon kwalekwale na katako, irin na da. Na Firmin yana kife ƙarƙashin rumfa bayan gida, Man Sido na shafa masa kwalta duk shekara kamar mai jiran dawowar mai shi. Shuɗi ne da jan baki, an rubuta sunansa da farin fenti a gefe: Allah Na Gani. Ta ba su da kanta. Ta ƙara musu da malfar Firmin, don ɗan wasan da zai fito a Justin ya sa.

Wata baturiya mai kula da kayan wasa ta zo da gwangwanin fenti, za ta shafe sunan ta rubuta wani. Man Sido ta tare ta.

"Ba a canza sunan jirgin mamaci, 'yata. Teku da sunan nan ta san shi."

Anatole ya ja ta gefe. "Yaya, ki bari su canza mana. Bayan an gama sai a mayar."

"A kan me? Duk wanda ya rufe ƙofarsa ranar nan ya san jirgin nan. Ina so su gan shi da sunansa, a fili, ranar da za a wanke shi."

 Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ta ɗauka abin ne ya taɓa masa zuciya, har ta dafa kafaɗarsa.

Aikin fim bai yi kama da komai da gari ya sani ba. Ba sa bin labari daga kai zuwa ƙafa. Suka binne Cyrille ranar Talata, ranar Alhamis ga shi yana jawabi a gonar rake. Gawar da aka ja cikin taru ta miƙe ta nemi sigari. Rabin gari an ɗauke su su cika wuri, a ce su taho, su taho, a ce su koma, su koma.

"Ni dai na rikice," in ji Cadie. "Jiya na yi masa kukan mutuwa, yau ya saya mini lemo. Gobe sai a ce uwarsa ba ta haife shi ba tukuna."

"Haka ake yi," in ji Man Sido, wadda Anatole ya yi wa bayani. "A Faris za su ɗinke shi."

"To Allah ya sa telan ya san gaba da baya."

Dab da gamawa aka tara su a bakin teku don ɗaukar kamun mai laifi. Manyan 'yan wasan duk sun riga sun tafi, an ce an ɗauki nasu ɓangaren tun tuni. Abin da aka kafa a rairayi sanda ce doguwa, an ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Wani mataimakin Jan-Kunne ya tsaya da lasifika.

"Jama'a, wannan sandar ita ce mai kisan. Jandarmomi na tafiya da shi. Ku dube ta ku yi ihu, ku zage shi."

Aka gwada. Mutane suna ihu suna dariya, wani yana zagin sanda da uwarta. Jan-Kunne ya kama kai.

Man Sido ta matsa gaba kusa da mai lasifikar. "Ɗana, wannan shi ne ya kashe Cyrille?"

"Shi ne, Mama."

"Shi ne Sufeto ya kama a ƙarshe?"

"Shi ne."

Ta waiga ta nemi Anatole. Yana tsaye bayan masu kyamara, ya ja hula ya rufe ido, yana kallon teku. Ta juyo ta dubi sandar. Jan ƙyallen ya ɓace mata, sai farar hula take gani da takalmin hawa doki. Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba, kuma da Kiriyol, yaren gida, maganar ta fito, harshen da ake kuka da shi.

"Allah ya isa! Ka yi ta yawo a cikinmu da jinin ɗan mutane a hannunka, ka shiga coci ka buɗe baki aka sa maka jibin Ubangiji. Ƙasa ta ƙi ka, teku ta tofar da kai. 'Ya'yanka su ji kunyar sunanka, su sunkuyar da kai in an kira shi!"

Babu wanda ya yi dariya. Ana jin ruwa na dukan rairayi. Mai kyamara ya matso har kusan hancinta ba ta gan shi ba. Jan-Kunne ya rugo ya sumbaci hannunta yana ta surutu da Faransancin Faris mai sauri. Cadie ta riƙe ta suka tafi gida, ƙirjinta sakayau, kamar wadda ta sauke kwandon da ta daɗe da ɗauka. Da ta nemi Anatole ta ga ya ji ko bai ji ba, aka ce ya tafi birni.

Shekara ta zagayo kafin fim ya dawo a ɗinke. Kafin a sa shi a talabijin, aka ce mutanen Fond-Tamarin za su fara gani. Ranar Asabar da azahar aka rufe tagogin zauren coci da baƙaƙen yadi, aka kafa allon majigi. Man Sido ta sa rigarta ta bikin Ista da ɗankwali mai tsini, da 'yan kunnen mahaifiyarta. Aka zaunar da ita a layin gaba, magajin gari a hagu, Anatole a dama. Zaure ya cika har bakin ƙofa, ana fifita da kwali.

"Ka rame," ta ce masa. "Matar taka ba ta dafa maka?"

"Yaya, akwai abin da nake so in..."

Magajin gari ya miƙe ya fara jawabi, bai kuwa san gajere ba. Yana zama aka kashe fitila.

Farkon duk shewa ne. Kowa na nuna kansa.

"Ga Ambroise can! Kai, dubi tafiyarsa kamar agwagwa!"

"Cadie, kuka kike ko dariya?"

"Ku yi mana shiru, jahilai!"

Da kwalekwalen ya bayyana yana yanka ruwa, shuɗi da jan baki, sunansa fari tas, da wani tsoho a ciki sanye da malfar da ta sani, Man Sido ta kama hannun Anatole ta matse. Hannun ya yi sanyi, ya jiƙe da gumi.

Ta san littafin kamar addu'ar safe, don haka ita ce ta fara jin ƙafar labarin ta zame. Sufeto ya taka matakalar babban gida da wuri. Ai da sauran lokaci. Rigobert ya tarbe shi da murmushi, ya zuba masa giyar rake, ya kawo shaidu cewa ranar kisan yana birni. Sufeto ya sha, ya gode, ya sauko. Ta ce a ranta, dabara ce, zai koma. Bai koma ba. Ya bi hanyar da ke gangarawa bakin teku.

A littafi ana karanta shafin ƙarshe kafin a yarda. Nan babu shafin da za ta buɗe. Sai dai ta zauna abin ya zo ya same ta.

Tsohon mai malfa yana gyaran taru. Sufeto ya zauna kusa da shi, suka yi 'yar magana, tsohon ya rufe fuska da hannu. Sai allo ya koma baya ya nuna abin da wai ya faru: mutum biyu a kwalekwale, gardama, filafili ya tashi sama ya sauko. Kyamara ta bi gawar har ta nutse, sannan ta ɗago ta tsaya a gefen jirgin, ta daɗe a kan farin rubutun.

Aka sa masa ankwa. Jandarmomi suka ratsa da shi cikin taro. Ya ɗaga kai ya dubi wani a cikin taron.

Fuskarta ce ta cika allon, ta fi ƙofar coci girma. Hannunta a sama, jijiyar wuya a miƙe. Muryarta ta cika zauren, da fassarar Faransanci na bi a ƙasa. Ƙasa ta ƙi ka. Allo ya nuna tsohon ya sunkuyar da kai ƙarƙashin malfar Firmin. 'Ya'yanka su ji kunyar sunanka.

Fifita ta tsaya a zauren. Man Sido ta zare hannunta daga na Anatole a hankali ta ajiye a cinyarta.

Da aka kunna fitila baƙin da suka zo daga birni suka yi ta tafi. Jan-Kunne ya nuna ta, suka ƙara. Ta miƙe ta nufi ƙofa, mutane na darewa. A bakin ƙofa tsoho Ambroise ya tare ta da sandarsa. Yana cikin samarin da suka fi kowa ƙarfin jan taru a da, yana kuma cikin waɗanda suka rufe ƙofa. Shi ne wanda ya ce mata mahaifinta ya iya teku. Ya kama hannunta da nasa biyu, idonsa cike da hawaye.

"Ashe kin sani, Sidonie. Duk shekarun nan kina ɗauke da shi ke kaɗai. Sannu. Ba laifinki ba ne, 'ya ba ta zaɓen uba."

Da zagi ne da ta san amsarsa. Ta tsaya tana kallon bakinsa. Cadie ce ta ture shi.

"Kauce, tsohon banza, kan kifi! Sanda ta zaga! Kana wurin, har kai ka zagi uwar sandar!"

"To ai ni abin da na gani da idona na faɗa," in ji Ambroise, yana neman masu goya masa baya. Ya kuwa samu.

Washegari bayan an taso daga coci, wadda ba ta je ba, Anatole ya zo. Ya bi ta bayan gida zai shiga kicin kamar kullum, ya tarar a kulle. Dole ya zagayo ta gaba ya ƙwanƙwasa.

"Shigo, Musye Anatole. Zauna," ta ce, da irin kiran da ake yi wa baƙon Bature.

"Yaya..."

Ta kawo masa kofi a kofin baƙi mai bakin zinariya, da faranti a ƙasa. Bai taɓa sha a kofin nan ba. Kabad mai gilashi a buɗe yake, saman babu komai. Littattafan suna cikin kwandon kifi a bakin ƙofa.

"Na yi faɗa da su," ya ce. "Wallahi na yi. Suka ce mai kallo zai gane Rigobert tun da ya ga farar hula. Labarin bincike dole ya ƙare a kan wanda ba a zata ba. Kuma masu gandu sun ba da babban gida a yi aiki a ciki, ba za su bayar ba in... Ingilishi sun yanke, Italiya sun canza, kin ce su mayar da teku rijiya. Haka abin yake, in littafi ya bar hannunka..."

"Yaushe ka sani?"

Ya juya kofin a faranti. "Kafin mu zo."

"Kafin ka karɓi jirgin."

"Na ce ki bari a canza sunan."

"Ka ce. Ba ka ce don me ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Da malfar ma ka sani."

"Da na ƙi sa hannu ba za a yi fim ɗin ba sam. Shekara nawa ina jira, Yaya? Yanzu za a sake buga littafin, zai shiga hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan garin nan ba. A ciki Baba a wanke yake. Ban taɓa ko harafi ba."

"A garin nan wa ya karanta? Malama ta mutu, Fada an canza shi. Amma wa ba shi da talabijin?"

Ta ci gaba ba tare da ta jira shi ba.

"Duk wannan zan iya cewa Turawa ne. Ba su san Baba ba, bai jefa su a ruwa ya tsaya da hannu a buɗe yana jira su taso ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ranar sandar nan na waiga na neme ka. Kana ina?"

"Ina wurin."

"Ka ji na tambayi yaron?"

"Na ji."

"Taku nawa ne tsakaninmu da ba za ka iya zuwa ka ce, Yaya, rufe bakinki ba?"

Ya cire tabarau zai goge. Wannan karon ta gane abin da gogewar take nufi, ta kawar da kai.

"Na ga kamar... kowa ya yi shiru, abin ya yi kyau ƙwarai, na ce in na tsayar da ke a gaban jama'a..."

"Ya yi kyau," ta ce. "To madalla. Sha kofinka, Musye Anatole, kada ya huce. Kwandon kuma in ka juye ka aiko mini da shi, ina da amfani da shi."

Ya fita da kwandon rungume a ƙirji, budurwar Jamusawa a sama tana kallon rana. Ta wanke kofin ta mayar wurinsa.

Guda ɗaya ta riƙe, na farkon nan mai baƙin bango, wanda gefensa ya yi laushi don buɗewa. Ba don tana ƙaunarsa ba yanzu. Hannun da ya rubuta shi shi ne ya sa hannu a takardar fim ɗin. Amma ta duba ko'ina a duniya ba ta da wata shaida sai shi.

Da safiyar Litinin, lokacin da mata ke jiran jin ko an samu kifi, ta sauke ƙahon daga ƙusa. Ta busa ƙurar ciki, ta gangara bakin teku ta tsaya kusa da rumfar da kwalekwalen ke kife. Na farko iska kawai ta fito. Na biyu ya kama, ƙara mai kauri ta bi kan rufin gari ta daki dutse ta dawo.

Wannan karon ƙofofi sun buɗe. Aka sauko da robobi da kwanuka, ana tambayar wa ya zagaye kifi. Suka tarar da teku babu taru, sai Man Sido da tabarau da littafi.

"Ina kifin, Man Sido?"

"Babu kifi. Ku tsaya ku ji."

Ta buɗe ta baya. Yatsanta na bin layi, Faransancinta na makaranta yana tuntuɓe. Ta fara daga inda Sufeto ya taka matakalar babban gida.

Wata ta ce ta bar tukunya a wuta. Wani ya ce ai sun riga sun gani, ba haka aka yi ba. Samari suka juya suna kwaikwayon hannunta a sama, ɗaya na cewa "teku ta tofar da kai" da muryar tsohuwa, sauran na ƙyaƙyatawa. Ɗaya bayan ɗaya robobin suka koma tudu. Ambroise ya ɗan jima, yana girgiza kai don tausayi, sannan shi ma ya ja sandarsa.

Cadie ta kife kwanonta a rairayi ta zauna a kai.

"Ɗaga murya, ke," ta ce. "Ruwan nan ya fi ki baki. Kuma ki bi a hankali in kin zo wurin ankwa, nan nake so."

Man Sido ta gyara tabarau, ta koma farkon layin.